Jan ƙarfe a cikin jini da cutar mantuwa: Ina gaskiyar alaƙarsu ta tsaya?

Idan aka ambaci jan ƙarfe, abin da ke fara zuwa ran mai sauraro shi ne wayar lantarki, ko mundayen tagulla, ko buhunan 'yan gwangwan. Kaɗan ne suka san cewa kowane ɗan Adam yana ɗauke da wannan ƙarfe a jikinsa, kuma da za a raba shi da shi gaba ɗaya, da bai rayu ba. Kusan shekara 30 ke nan masana suna muhawara a kan ko jan ƙarfen da ke yawo a jini yana da hannu a cutar mantuwa, wadda Bahaushe ya fi sani da gigin tsufa.

Inda aka kwana a yau shi ne: akwai shaidar cewa tsarin jan ƙarfe yana rikicewa a jikin masu cutar Alzheimer, amma ba a tabbatar da cewa shi ne ke haddasa ta ba. Haka kuma adadin da gwajin jini zai nuna ba ya faɗin ko mutum zai kamu da ita.

Aikin jan ƙarfe a jiki

Jikin baligi yana ɗauke da miligiram 50 zuwa 120 na jan ƙarfe, abin da bai kai nauyin ƙwayar wake ɗaya ba. Yana warwatse a ƙashi da tsoka da hanta da ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya. Duk da ƙanƙantarsa, akwai sinadaran jiki masu yawa da ba sa aiki sai da shi.

Da shi ƙwayoyin jiki ke sarrafa iskar da muke shaƙa su samar da kuzari. Da shi ake shirya sinadarin ayon domin haɗa jini, shi ya sa ƙarancinsa ke jawo ƙarancin jini. Yana cikin abin da ke ƙarfafa ƙashi da jijiyoyin jini, da kuma abin da ke bai wa fata da gashi launinsu. A ƙwaƙwalwa, ana buƙatarsa wajen haɗa wasu sinadaran da ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, da kuma gina rigar da ke lulluɓe su.

Sai dai halin da ya sa jan ƙarfe ke da amfani shi ne kuma ya sa yake da haɗari. Ƙarfe ne mai saurin shiga ma'amala da iskar oksijin. Idan yana ɗaure a jikin furotin ɗin da ya dace, wannan saurin aiki yake yi. Idan kuwa ya kuɓuce yana yawo sakaka, sai ya haifar da wasu miyagun sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Saboda haka jiki ba ya barin sa ya yi tafiya ba ɗan rakiya.

Yadda yake shiga jini da yadda yake fita

Jan ƙarfe yana shiga jiki ta abinci da ruwa. Ƙaramin hanji ne ke tsotse shi ya miƙa wa hanta, ita kuma ta yi rabo: ta ajiye wani, ta saki wani cikin jini, ragowar ta zubar ta ruwan matsarmama ya fita da bayan gida. Idan mutum ya ci da yawa, hanji yana rage tsotsa, hanta ta ƙara zubarwa. Idan ya ci kaɗan, sai a juya lissafin. Wannan ne ya sa a wurin mai lafiya yawan jan ƙarfen jini ba ya hawa ko sauka sosai saboda abin da ya ci jiya.

A cikin jini, jan ƙarfe kashi biyu ne. Mafi yawansa yana ɗaure tamau a jikin wani furotin da hanta ke ƙerawa mai suna serulofilasmin. Ɗan abin da ya rage yana maƙale ne sama-sama a jikin wasu furotin, yana iya sauka a kowane lokaci. Wannan kashi na biyu shi ake kira sakakken jan ƙarfe, kuma shi ne ke iya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar kimanin maikirogiram 70 zuwa 140 a kowace desilita a matsayin adadin da ya dace ga baligi, idan aka haɗa kashin biyu.

Darasi daga cututtuka biyu na gado

Tun kafin a fara maganar cutar mantuwa, likitoci sun san cewa yawan jan ƙarfe da ƙarancinsa duk suna iya lalata ƙwaƙwalwa.

A 1912 wani likitan jijiyoyi na Birtaniya, Samuel Kinnier Wilson, ya bayyana wata cuta da ke haɗa lalacewar hanta da karkarwa da sarƙewar harshe da sauyin hali a jikin matasa. Daga baya aka gano cewa hantar masu ita ba ta iya zubar da jan ƙarfe, sai ya taru ya malala zuwa ƙwaƙwalwa da idanu. Cutar Wilson tana kama kimanin mutum ɗaya cikin 30,000, kuma a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke da matsalar, wadda aka sa wa suna ATP7B. Tana da magani idan an gane ta da wuri.

A 1962 kuma likita John Menkes na Amurka ya bayyana kishiyarta. Jariran da ke da cutar Menkes, kusan dukkansu maza, hanjinsu ba ya iya miƙa jan ƙarfe ga sauran jiki. Gashinsu yakan yi kaushi ya koɗe, su riƙa farfaɗiya, ƙwaƙwalwarsu ta ƙi girma, kuma yawanci ba sa wuce shekara uku idan ba a yi magani ba.

Akwai wani abin lura a cutar Wilson. Duk da jikin mai ita cike yake da jan ƙarfe, sau da yawa jimillar da gwajin jini ke nunawa ƙasa take da ta mai lafiya, domin serulofilasmin ɗinsa ya yi ƙaranci. Sakakken ne ya yi yawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar da ke kan takardar gwaji ba ita ce hoton abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba.

Mece ce cutar mantuwa?

Cutar mantuwa ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne da ya tattara cututtukan da ke cinye tunani da fahimta da magana sannu a hankali, har mutum ya kasa tafiyar da harkokinsa na yau da kullum. Ta bambanta da mantuwar da kowa ke yi. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli bai kamu ba, amma dattijon da ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara 40 yana zuwa, ko ya kasa lissafin canjin da a da yake yi da ka, yana buƙatar ganin likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke da cutar a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma ana samun sababbi kusan miliyan 10 a kowace shekara. A nan gida, wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan dattawa 322 a Zariya ya samu kusan kashi 3 cikin 100 suna da ita.

Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar, nau'in Alzheimer ne ke damun su. Sunan na likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan ta rasu, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, da wasu zare-zare a cukurkuɗe a cikinsu. A 1984 aka gano cewa dunƙulen na wani furotin ne mai suna amiloid. Zaren kuwa na wani ne mai suna tau. A kan nau'in Alzheimer ne kusan duk maganar jan ƙarfe take.

Hujjojin masu zargin jan ƙarfe

Zargin ya faro ne a shekarun 1990, lokacin da masu bincike a Ostireliya da Amurka da Jamus suka lura cewa amiloid yana kama ƙarafa irin su tutiya da jan ƙarfe. A 1998 masana a Jami'ar Kentucky suka auna dunƙulen da ke ƙwaƙwalwar mamata masu cutar, suka tarar jan ƙarfe da tutiya da ayon sun taru a ciki. Gwajin da aka yi a kwalba ya kuma nuna cewa idan amiloid ya haɗu da jan ƙarfe yana iya fitar da irin sinadaran nan masu cin ƙwayoyin jiki.

Daga nan aka koma kan dabbobi. A 2003 Larry Sparks da Bernard Schreurs suka ciyar da zomaye abinci mai yawan kolestarol, suka sa wa wasunsu jan ƙarfe miligiram 0.12 a kowace lita ta ruwan sha. Waɗanda suka sha wannan ruwa sun fi tara amiloid a ƙwaƙwalwa, kuma sun fi wahalar koyon abin da aka horar da su a kai. A 2013 ayarin Rashid Deane na Jami'ar Rochester ya ba ɓeraye ruwa mai kusan wannan adadi na tsawon wata uku. Suka ga jan ƙarfen yana taruwa a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, yana raunana furotin ɗin da ke kwashe amiloid ya fitar da shi zuwa jini.

A ɓangaren mutane, binciken da ya fi yin suna shi ne na Martha Clare Morris a birnin Chicago, wanda ya fito a 2006. An bibiyi dattawa 3,718 na kimanin shekara shida. Waɗanda suka haɗa cin jan ƙarfe mai yawa, daga abinci da ƙwayoyin bitamin, da cin abinci mai daskararren kitse, tunaninsu ya ja baya da saurin da ya yi daidai da ƙarin shekara 19 a kan shekarunsu. Waɗanda ba sa cin kitse da yawa kuwa ba a ga wannan illa a tare da su ba.

Maganar jini kai tsaye kuwa, Rosanna Squitti da abokan aikinta a Italiya ne suka fi daɗewa a kanta. Sun sha samun cewa sakakken jan ƙarfe ya fi yawa a jinin masu Alzheimer. A 2014 suka wallafa sakamakon bibiyar mutum 141 masu ƙaramar matsalar tunani, inda waɗanda sakakken jan ƙarfensu ya yi sama suka ninka sauran kusan sau uku wajen haɗarin faɗawa cikin cutar sosai.

Hujjojin da suka saɓa wa zargin

Da a ce yawan jan ƙarfe ne ke kawo cutar, da an sa ran a tarar da shi jibge a ƙwaƙwalwar masu ita. Akasin haka aka gani. A 2011 Matthew Schrag da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike-binciken da aka yi a kan ƙwaƙwalwar mamata, suka samu cewa jan ƙarfe raguwa yake yi a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer. A 2021 ita kanta Squitti ta jagoranci tattara bincike 56, sakamakon ya nuna abu biyu a lokaci guda: ya ƙaru a jini, ya ragu a ƙwaƙwalwa.

A 2022 masana a Jami'ar Rush da ke Chicago suka auna ƙwaƙwalwar dattawa 657 da aka riƙa gwada tunaninsu shekara-shekara kafin su rasu. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fi yawan jan ƙarfe su ne tunaninsu ya fi jinkirin lalacewa, kuma alamun Alzheimer suka fi ƙaranci a wurinsu. Kafin wannan, a 2013, masu bincike a Jami'ar Keele ta Ingila sun nuna a gwajin kwalba cewa jan ƙarfe yana iya hana amiloid ɗaukar siffar da yake dunƙulewa da ita.

An kuma gwada abin kai tsaye a Jamus. A wani gwaji da aka wallafa a 2008, an raba majinyata 68 masu Alzheimer gida biyu, aka riƙa bai wa kashi ɗaya miligiram 8 na jan ƙarfe kullum har shekara guda. Bai gyara tunaninsu ba, bai kuma ƙara ɓata shi ba.

Fassarar da masana da yawa suka fi karkata gare ta ita ce matsalar ta rabo ce, ba ta yawa ba. Jan ƙarfe yana taruwa a inda ba a buƙatarsa, wato a dunƙulen amiloid da cikin jini, yayin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke buƙatarsa suke rasa shi. Ko wannan rikicewa ce ke fara cutar, ko cutar ce ke jawo ta, nan ne muhawarar ta tsaya. Ganin ungulu a kan mushe ba ya nuna ita ta yi kisan.

Me ya sa gwajin jini bai isa hujja ba?

Dalili na farko shi ne abubuwa da yawa suna ɗaga jan ƙarfen jini ba tare da wata alaƙa da ƙwaƙwalwa ba. Hanta tana ƙara ƙera serulofilasmin duk lokacin da jiki ke fama da kumburi ko ƙwayar cuta, haka ma a lokacin juna biyu da shan magungunan tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin. Dattijon da ke fama da sanyin ƙashi ko wani ciwo mai daɗewa yana iya samun adadi mai yawa alhali tunaninsa garau yake.

Na biyu, sakakken jan ƙarfe yana da wuyar aunawa. Yawanci lissafa shi ake yi: a auna jimilla, a auna serulofilasmin, a ninka shi da kimanin uku, a cire daga jimillar. Ƙaramin kuskure a ɗaya daga cikin ma'aunin biyu yana ɓata amsar, har akan samu sakamakon da ya yi ƙasa da sifiri, abin da ba zai yiwu a jikin mutum ba.

Na uku, bambancin da ake gani na matsakaicin rukuni ne. Masu Alzheimer da yawa jan ƙarfensu daidai yake, kuma masu lafiya da yawa nasu ya ɗan hau. Shi ya sa gwajin jan ƙarfe ba ya cikin ƙa'idojin gano cutar. Gwajin jinin da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2025 domin taimakawa wajen gano Alzheimer, furotin ɗin tau da amiloid yake aunawa.

Magungunan da aka gwada

An gwada magungunan da ke kama jan ƙarfe su raba shi da amiloid. Na farko shi ne clioquinol, tsohon maganin gudawa da Japan ta haramta a 1970 bayan an danganta shi da lalacewar jijiyoyi. An gwada shi a kan majinyata 36 a Ostireliya, sakamakon da ya fito a 2003 bai gamsar ba. Magajinsa mai suna PBT2 ya ba da ɗan fata a gwajin mutum 78 a 2008, amma a 2014 wani gwaji na shekara guda ya nuna bai rage amiloid fiye da ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Har yanzu babu maganin rage jan ƙarfe da aka amince a yi amfani da shi ga masu cutar mantuwa. Magungunan cutar Wilson kuwa suna da illoli masu nauyi, ba a shan su sai da umarnin likita.

Abinci, ruwa, kwanuka da ƙwayoyi

Ma'aunin Amurka ya sanya buƙatar baligi a kan maikirogiram 900 a rana, wato ƙasa kaɗan da miligiram ɗaya, kuma ya ja iyaka a miligiram 10. Abincinmu na gida yana biyan wannan buƙata: wake, gyaɗa, riɗi, gero, dawa, waken suya da ƙwallon kashu duk suna da shi. Giram 100 na gyaɗa yana da kimanin miligiram ɗaya. Hanta ce ta fi kowane abinci, domin giram 100 na dafaffiyar hantar sa ya haura miligiram 10. Cin ta jefi-jefi ba laifi, amma ba abincin kullum ba ce. Babu wata hujja da za ta sa mai lafiya ya ƙaurace wa wake ko gyaɗa don tsoron mantuwa.

A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 2 a kowace lita. George Brewer na Jami'ar Michigan ya daɗe yana zargin bututun jan ƙarfe da ke gidajen Turai da Amurka da yaɗa Alzheimer, amma ra'ayinsa bai samu tabbaci ba. Gidaje da yawa a biranenmu bututun roba suke amfani da shi. Wanda ke da na jan ƙarfe, ya bar ruwan da ya kwana a bututu ya zuba kafin ya tara na sha.

Kofuna da gorunan jan ƙarfe da ake tallatawa da sunan lafiya suna buƙatar hattara. Abu mai tsami kamar zoɓo, kunun tsamiya, lemun tsami ko nono yana narkar da ƙarfen ya shiga abin sha. A Indiya an danganta wata muguwar cutar hanta ta yara da dafa madara da ajiye ta a tukwanen tagulla.

Akwai kuma haɗarin ɗaya ɓangaren. Tutiya, wato sinadarin zink da mutane da yawa suka saba sha tun lokacin korona, tana hana hanji tsotsar jan ƙarfe. Wanda ya daɗe yana shan fiye da miligiram 40 a rana yana iya samun ƙarancin jini, da sanyin ƙafafu, da tangaɗi a tafiya. Wannan bai shafi zink ɗin kwana 10 zuwa 14 da ake bai wa yara masu gudawa ba, wanda ke ceton rai.

Kada kuma a haɗa jan ƙarfe da dalma, wadda gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010. Dalma ba ta da wani amfani a jiki ko kaɗan.

Abin da aka tabbatar yana rage haɗari

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. Su ne ƙarancin karatu, raunin ji, raunin gani da ba a kula da shi ba, hawan jini, ciwon suga, yawan mugun kolestarol, ƙiba, rashin motsa jiki, shan taba, yawan shan barasa, ciwon damuwa, buguwa a kai, kaɗaici da gurɓatacciyar iska. Jan ƙarfe ba ya cikinsu. Ga ɗan kasuwar da ke wuni a shago ko ma'aikacin da ke wuni a kujera, awon hawan jini da na suga, da tafiyar ƙafa, da sa hular kwano a kan babur, sun fi gwajin jan ƙarfe amfani nesa ba kusa ba.

Idan kuwa dattijo a gida ya fara maimaita tambaya ɗaya, ko ɓacewa, ko zargin 'ya'yansa da satar abin da shi ya ɓoye, kada a yanke hukuncin cewa tsufa ne kawai, balle a jingina abin ga maita ko iska. A kai shi asibiti. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa da illar wasu magunguna duk suna kama da cutar mantuwa, kuma ana magance su. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, suna da likitocin wannan fanni.

Likita yakan nemi gwajin jan ƙarfe ne idan yaro ko matashi ya zo da ciwon hanta tare da karkarwa ko sauyin hali, ko kuma idan mutum yana da ƙarancin jini da matsalar tafiya da ba a gano sababinsu ba. A irin waɗannan wurare gwajin yana iya ceton rai, kuma likitan ne zai fassara shi tare da sauran alamu.